Makoki na Biyu a Kasuwar Karofane

A gidanmu ni ce mai baki. Tun ina 'yar makaranta a lakwal Inna ke cewa in an aike ni ɗebo wuta sai na dawo da faɗa. Yayata kuwa, wadda nake bi ma, ko taka ta ka yi ita za ta ba ka haƙuri. Ita ta yi aure a wani ƙauye cikin ƙasar Karofane, ni na ci gaba da karatu har na samu aiki a Madawa, a wani furoje na faɗakar da manoma. Aikina shi ne in shiga mota mai oparlar, wato lasifika, bisa kai, mu bi kasuwanni, in yi ta magana har murya ta dushe. Inna ta ce to madalla, bakin dai ya samu mai so.

Mijin Yaya abokin wasana ne, kamar yadda aka saba tsakanin ƙanwa da mijin yayarta. Shi ya ce mani 'yar biro, wato 'yar ofis, ni in ce mashi sarkin albasa, don da rani a garka yake wuni, can yake kwana. Manomi ne na gaske, ba ya wasa da cikin iyalinsa. Na faɗi wannan tun yanzu don kada wani ya ji abin da ke tafe ya ce ai sakarai ne. Ba sakarai ba ne. Abin da kowa ke yi shi ya yi.

A wurinmu hatsi da dawa rumbu ake kai su, a tsakar gida ko bayan gari. Wake ba a yi mashi haka. Wake shi ne abin sayarwa in ya yi tsada, don haka buhu ake zuba shi, a jibge cikin ɗaki inda ido ke kai. Shekarar da wake ya yi kyau, mijin Yaya ya duba duk gidan, ɗakinta kaɗai ke da daɓen siminti da ƙofar tol, ta kwano, mai kuba. Nan ya jera buhunan a bayan gado. Shi kuma wake, in ka bar shi haka nan, kafin rani ya raba ƙwaro ya mai da shi gari. Akwai wata ƙwaya mai launin toka da ake sayarwa a kasuwa, mai tebur ya buɗe gwangwani ya ƙirgo maka. A ƙulle ta cikin tsumma, a cusa tsakiyar buhu, a ɗaure. Ya sawo, ya sa, ya tafi garka. Lokacin ɗari ne, Yaya ta toshe taga da tsumma ta ja ƙofa, ta kwanta da 'ya'yanta biyu, ɗiyarta ta fari da ƙanenta.

Da safe maƙwabciya ta ga rana ta fito ba ta ji sakar turmi daga gidan ba. Ta yi sallama, shiru. Aka ɓalle ƙofa. Yaya na ƙasa, ta yi amai, numfashi sama-sama. Yaran sun riga sun cika. Aka ɗauke ta a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai ta asibitin Buza. Amfirmen da ya karɓe ta, ma'aikacin jinya, ya shinshina zanenta, ya ji wari kamar na tafarnuwa, ya tambayi abin da ke cikin ɗakin. Da aka gaya mashi bai ɓoye ba. Ya ce ƙwayar nan iska take fitarwa, iskar ce ke kashe ƙwaro, kuma ba ta san bambancin ƙwaro da ɗan Adam ba in ɗaki a rufe yake.

Da aka zo zaman makoki, dattawan gidan suka yanke cewa zazzaɓi ne mai tsanani ya ɗauke yaran. Haka za a faɗa wa masu gaisuwa, don a rufa wa maigidan asiri. Ni ke raba ruwa a wurin mata. Kowace ta shigo ta ce ina haƙuri, Allah ya sa masu ceto ne, ta tambayi ciwon, a ce mata zazzaɓi. Ta girgiza kai, ta koma gidanta inda nata buhunan ke bayan nata gado. Wallahi na ji kamar in jefar da butar in yi ihu. Yaya kuwa lokacin ko zama ba ta iya yi sai an jingina ta.

Da damina ta zagayo, furojenmu ya shirya faɗakarwa kan ajiyar wake kafin kaka. Shugabarmu wata madam ce daga Yamai, mace mai hankali, ban taɓa jin ta daka wa wani tsawa ba. A wurin taro ta ce mutane sun gaji da jin kada ku yi kaza. Abin da ke shiga kunne shi ne wanda abin ya sama ya faɗa da bakinsa. Na ce na san wata. Na je na samu Yaya tana tsinkar yakuwa, ban ma ƙare bayani ba ta ce to. Mijinta ya ce ya yarda in dai ba wanda zai gane ita ce. Madam ma haka ta ce, ƙa'idar aikinsu ke nan, ba a tallar wanda ya sha wuya. Ni ma a ranar na ga daidai ne.

Aka kawo Yaya bironmu a Madawa, aka sa mata mikoro. Ta faɗi komai a hankali, ba kuka. Mai haɗa sauti ya cire sunan ƙauye, ya cire asibitin, ya murɗa muryar har ta koma wata iri, ba ta mace ba ba ta namiji ba, kamar mai magana daga cikin tulu. Da aka sa mata ta ji, ta dube ni ta ce, “Wagga wa ce?” Muka yi dariya. Ashe ba abin dariya ba ne.

Kasuwar Urno muka fara zuwa. Direba ya tsaya kusa da masu awon hatsi, ya buɗe oparlar. Na sauka na shiga cikin mutane don in ji abin da za su ce. Sun saurara, ba zan yi masu ƙarya ba. Da maganar ta ƙare wani dattijo mai rawani ya juyo ya ce, “Ke ɗiyata, wagga mai magana ɗiyar wa ce?”

Na ce ba a faɗi.

“Wane gari?”

Na ce shi ma ba a faɗi.

Ya ce, “To magana ba uwa ba uba, mi za mu yi da ita? Mu nan ko akuya anka ce ta mutu sai mun tambayi ta gidan wa.”

Wani matashi ya ce ai 'yan tiyatir ɗin rediyo ne, masu wasan kwaikwayo, ya san muryoyinsu. Wani ya ce in gaskiya ce mi take ɓoyo. Aka kwashe da dariya. Ina tsaye, kalmar tana bakina: yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na wanke ɗiyar. Amma na yi alkawari. Ina ji ina gani wani mutum ya ratsa ta gaban motarmu, muryar Yaya na tashi bisa kansa karo na biyu, ya tsaya wurin mai tebur ya sayi ƙwayar, ya ƙulle a bakin rawani ya wuce. A kasuwannin wajen Kaita ma haka, a Buza ma haka. Ko'ina tambayar ɗaya ce, ɗiyar wa.

Da na koma na gaya wa madam. Ta ce ta gane, amma ba za ta tsai da mace gaban kasuwa a yi ta nuna ta da baki ba, in abin ya ɓaci ita ce da alhaki. Na ce madam, a Yamai ana jin magana don ta fito daga rediyo, a Adar sai an san gidan da ta fito. Ta ce a'a dai. Na fita na bugo ƙofa, abin da har yau ba ta daina yi mani tsiya da shi ba.

Ranar hutu na hau kabu-kabu na tafi ƙauyen. Wake ya fara bushewa a gona, ana ta roro. Na zayyana wa Yaya yadda aka yi, har dariyar ban rage ba. Ta ajiye muciya. Ta ce, “Kenan sun ce 'ya'yana tiyatir ne.” Na ce haka suka ce. Ta ce, “An yi mani gaisuwa bisa ƙarya, yanzu an ji gaskiya an ce ƙarya ce. To zan sake zaman.” Ban gane ba sai da ta ƙara bayani. Ba ta son mikoro, ba ta son mota. Tabarma za ta shimfiɗa a kasuwar Karofane, kusa da mai sayar da ƙwayar, ta zauna zaman makoki. A ƙasarmu ba mai wuce tabarmar makoki bai tsaya ba, kuma duk wanda ya tsaya sai ya tambayi abin da ya faru.

Mijinta ya dawo daga gona ya tarar da maganar. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, “Kasuwar Karofane? Inda nake kai albasa? Inda kowa ya san ubana? In kinka zauna can, wa za a ce ya sa ƙwayar? Kuna so yara su riƙa bina suna ga wanda ya kashe ɗiyansa?”

Na sa baki, da wasan da muka saba, ko zai sassauto. Na ce haba sarkin albasa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, “Ke 'yar biro, yau ba wasa tsakaninmu. Ke in an gama kina komawa Madawa. Ni nan zan kwana nan zan tashi.” Gaskiya ya faɗa.

Yaya ta ce, “Malam, ba zan ce kai ne ba. Zan ce a ɗakina anka sa.” Ya ce duk ɗaya ne, ɗakinta a gidan wa yake. Sannan ya kafa mata sharaɗi. Ya ce in ta taka kasuwar da wannan niyya, kada ta dawo gidansa. Uwarsa ta fito tana salati, tana cewa wanda Allah ya rufa wa asiri ba ya tona kansa. Yaya ta saurare su duka har suka gama. Ta ce, “Maƙwabciyar da ta ɓalle mani ƙofa, jiya na ga mijinta ya shigo da buhuna. Goyo gare ta.” Ta koma kan tuwonta.

Na so in hana ta, Allah ya sani. Mace ta rasa 'ya'ya biyu, ta kuma rasa ɗaki? Da muka keɓe na ce Yaya ki bari, ni zan ci gaba da ihu a mota, wata rana za su ji. Ta ce, “Ke kin yi naki, ba su ji ba. Ki riƙe mani buta kawai.”

Ranar kasuwa muka fita da hantsi. Ta sa baƙin zane da mayafi, ta ɗauki tasbaha. Na ɗauki tabarma da buta. Mai teburin yana tsakanin masu igiya da masu gishirin dabbobi, yana sayar da maganin ɓera da na feshi da ƙwayar. Muka shimfiɗa a gefensa. Ya dube mu ya ce lafiya. Yaya ta ce lafiya lau, zama za mu yi. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta sunkuyar da kai, tana jan tasbaha.

Wata Bafillata mai tallar nono ce ta fara tsayawa. Ta sauke ƙwarya, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta ce ina haƙuri. Yaya ta amsa. Ta ce wa ya rasu. Yaya ta faɗi sunan ubanmu da garinmu, ta faɗi gidan da take aure, ta ce 'ya'yanta biyu ne, bara da ɗari. Ta ce, “An ce maku zazzaɓi. Ba zazzaɓi ba ne. Ga abin da ya kashe su nan cikin gwangwanin can.” Ta nuna da hannu. Ta faɗi yadda aka ƙulle ta a tsumma, da inda buhunan suke, da tagar da ta toshe da hannunta. Matar ta dafe ƙirji ta ce wayyo Allah, nasu buhun a ƙarƙashin gadon kara yake. Ta bar nonon a wurina ta tafi neman mijinta a kasuwar dabbobi.

Kafin azahar tabarmar ta cika. Wasu sun zo gaisuwar farko a bara, suna ta salati, suna cewa ashe haka ne, ashe haka ne. Ba wadda ta tambayi ɗiyar wa, ga ta zaune gabansu, sun san uwarta. Ni kuma ina gefe ina nuna masu yadda ake ɗaure buhu mai leda a ciki, da yadda ake cika bido, wato jarka, a toshe bakinsa, wake ya shekara ba ƙwaya. Mai tebur ya yi ta masifa, wai mun zo kashe mashi kasuwa. Na ce Malam, tabarmar bisa ƙasarka take? Wani malami ya tsaya daga nesa ya ce makoki kwana uku ne a shari'a. Yaya ta ce, “Allah gafarta Malam, ban yi kuka ba, ban yaga tufa ba. Wadda ta tambaye ni nake ba amsa.” Ya yi addu'a ya wuce.

Da yamma ba ta koma ƙauyen ba. Gidan Inna muka nufa. Bayan kwana kaɗan ƙanen mijinta ya kawo kayanta a amalanke, da saƙon saki ɗaya. Inna ta yi kuka, ta ce ni na jawo, bakina ya kashe auren yayata. Ban musa ba, ban kuma ba da haƙuri ba. Yaya ta jera kwanoninta a ɗakin da ta tashi cikinsa, ta tambaye ni yaushe kasuwa ta gaba.

Muka ci gaba. Madam ta zo sau ɗaya, ta tsaya nesa ta kalla, sannan ta tuɓe takalmi ta zauna ta yi gaisuwa kamar kowa. Ba ta ɗauki hoto ba. Sai dai akwai abin da ke cin raina, ya kuma fi cin ran Yaya. Tabarmar mata ce. Namiji ba ya zama a tabarmar mace, daga tsaye zai ce Allah ya jiƙan rai ya wuce, bai ji komai ba. Kuma maza ke sayen ƙwayar, su ke sa ta. Mata su koma gida su faɗa, wani ya ji, wani ya ce maganar mata ce. Muna zaune muna kallo ana miƙa wa mai tebur hannu ta bisa kanmu. Wani ma ya ce da ƙarfi, don mu ji, shi shekara da shekaru yana sawa, wanda bai iya ba ne take kashe wa iyali. Na miƙe zan ba shi amsa, Yaya ta ja mani zane.

Kaka ta kusa ƙarewa, buhuna na ta shiga ɗakuna. Wata ranar kasuwa, rana ta take, ina zuba wa wata tsohuwa ruwa, sai na hango shi. Mijin Yaya, ko in ce wanda ya sake ta. Ya rame, rigar ta yi mashi yawa. Ba albasa ya kawo ba, tabarma ce naɗe a hammatarsa. Na ce a raina in faɗa ya zo yi, yau zai san 'yar biro. Bai dube ni ba, bai dubi Yaya ba. Ya wuce ta gabanmu, ya zaga ɗaya gefen teburin, wajen da maza ke tsayawa ciniki. Ya shimfiɗa tabarmarsa, ya tuɓe takalmi, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

Yaya ba ta ɗaga kai ba, amma na ga tasbahar ta tsaya a hannunta.

Wani abokinsa na garka, wanda ya zo sayen ƙwayar, kuɗinsa a hannu, ya tsaya yana dubansa. Ba yadda zai yi. Ya tuɓe nasa takalmin, ya tsuguna, ya ba shi hannu ya ce ina haƙuri. Wasu biyu suka matso, suka tsuguna su ma. Aka shafa fatiha. Sai abokin ya yi tambayar da ake yi, murya ƙasa-ƙasa, ya ce mi ya same su.

Ya buɗe tafin hannunsa na dama ya nuna masu.

Ya ce, “Da wanga na sa. Ku gyara zama in gaya maku yadda na ƙulle ta.”